Bana Shekarar Usaina Ce

Ku da kuka san Kawu Hassan ba sai na gaya muku abin da yake yi bayan ruwan farko ba, amma bari in faɗa saboda yaran da suka taso ba su same shi ba. Da zarar damina ta sauka a Gadarif, washegari da hantsi sai ya saka farar jallabiyarsa, ya naɗa rawani, ya rataya kamara a wuya, ya taho gidanmu cikin taɓo yana ɗage riga har gwiwa. Ya zauna a rumfa, a kan gadon igiyar nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, Inna ta dafa masa gahawa a jabana, 'yar butar gahawar nan, ya sha finjali uku. Sannan ya yi gyaran murya.

"Jama'a, bana..."

Sai ya yi shiru. Da gangan fa! Maƙwabta sun leƙo ta kan darni, mu yara mun saki baki, Inna na zaune a gefe ta sha kwalli, ta yafa tob ɗinta, babban mayafin nan mai ruwan ganye wanda ba ta fito da shi sai ranar idi da wannan rana. Sai ya ga kowa ya ƙagu sannan ya ƙarasa.

"Bana shekarar tarakta ce."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Daga ranar har ruwan farko na baɗi, kamarar Kawu ba za ta kalli komai a duniya ba sai tarakta. Ko wuta ce ta kama kasuwa, in dai ba tarakta a ciki, ba ruwansa.

Kawu Hassan da mahaifiyata Usaina tagwaye ne, kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, taurin kansu ma ɗaya. Aikinsa na ci da sha tuƙin tarakta ne a wani mashru, wato ɗaya daga cikin manyan gonakin injin nan na kudu da gari, wajen Ƙala'at an-Nahal. Hoto kuwa sha'awa ce kawai, bai taɓa cin ko girshi da shi ba. Kamarar a Gallabat ya samo ta, wani Bahabashe ya karɓi rediyonsa da buhun riɗi ya ba shi ita. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, har ta bar duniya ba ta yafe masa rediyon nan ba.

Fim ɗin farko ya ɗauki duk abin da ya gifta ta gabansa. Da mai studiyo na kasuwa ya wanke, sai ga rabin akuya, ga bayan wani mai keke, ga babban yatsan Kawu har sau biyar. Ya baje su a tabarma ya daɗe yana kallo, sannan ya yanke hukunci: laifin haɗama ne. Wanda ke gyaran tarakta ba ya gyaran agogo, in ji shi, don haka dole mai hoto ya san abu guda ya ƙware a kai. Matsalar ita ce bai san wane abu gudan ba. To, sai ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne shekara guda, in ya gama zagayawa ya zaɓa.

"Kawu, ai fim ɗin ba ya ƙin komai," na ce masa wata rana. "Ka ɗauki tarakta yau, gobe ka ɗauke mu."

"Rakiya, taura biyu ba ta taunuwa."

Wannan ce maganarsa, ko barci yake ka tashe shi ita zai faɗa. Abin dariyar, Kawu a Mafaza aka haife shi, a Gadarif ya tsufa, bai taɓa ganin taura da idonsa ba. Karin maganar kakanninsu suka taho da ita daga yamma a kan hanyar Makka, suka bar itacen a can. Na taɓa tambayarsa yadda taura take, ya ce ba a tambayar babba irin wannan.

Ita kuwa Inna abu ɗaya take so a wurinsa: hoto guda, nata, fuska sosai, wanda za ta bar wa jikokinta. Mahaifiyarsu, Iya, ta rasu suna ƙanana, ba ta bar ko sura ba, Inna kuma ta rantse ba za a yi mata haka ba. Kuna iya cewa ga studiyo a kasuwa, me ya hana ta zuwa? Mun faɗa mata har bakinmu ya gaji.

"In je wani ƙato ya ce mini ɗaga haɓa, karkato kai, alhali ɗan'uwana na yawo da kamara a wuya kamar laya? Wallahi sai dai in mutu ba sura!"

"Surar me kike nema, ya Usaina?" in ji Kawu. "Duk jikan da ke son ganin fuskarki ya zo ya dube ni. Halas, magana ta ƙare."

"Da wannan gemun naka na bunsuru?"

"Su rufe shi da hannu."

"Hassan, ka ji tsoron Allah. Taura biyu, taura biyu! Mu ba biyu Iya ta ɗauka a ciki ɗaya ba?"

"Shi ya sa ta sha wuya."

Haka suke yi duk shekara. Ita ta ci ado ranar sanarwa ko Allah zai sa ya ce shekarar mutane ce, shi ya faɗi wani abin da ba wanda ya taɓa tunani, ita ta tashi ta ninke tob ta mayar akwati tana mita har la'asar.

Kada ku zaci Inna kaɗai yake yi wa. A shekarar tarakta, mai mashru ɗin da yake yi wa aiki, wani attajiri da kowa ke ce wa Hajj, ya sayo sabuwar tarakta ja. Ya zo sansanin gona da kansa, ya sha jallabiya mai guga da sanda mai kan azurfa, ya tsaya jikin tayar ya dafa ta.

"Ya Hassan, ɗauke ni da ita."

Leburori suka taru. Kawu ya ɗaga kamara ya leƙa, ya sauke.

"Ya Hajj, matsa dama kaɗan."

Hajj ya matsa.

"Ƙara. Rana na dukan fuskarka."

Ya ƙara.

"Kwayyis, ya yi kyau. Taku biyu kuma. Yauwa, ɗaya kuma."

Bawan Allah yana ta matsawa yana gyara rawani yana murmushi, har ya kai gindin tankin ruwa. Sai aka ji ƙyas! Bayan mako uku Hajj ya aiko a kai masa hoto. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayansa.

"Ya zol, bawan Allah, ni ina nake?"

"Ka fito da kyau ƙwarai, ya Hajj, na gan ka da idona. Sai dai a waje ka fito."

Da wani ne da ranar ya kwashe kayansa. Amma duk yankin ba mai iya ciro tarakta daga baƙar laka in ta nutse kamar Kawu, Hajj kuma ya san haka. Ya haɗiye fushinsa, ya sa hoton a gilashi ya rataya a shagonsa na kasuwar amfanin gona. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna bango can gefen gilashin ya ce, "Ni ina nan wajen."

Bayan tarakta aka yi shekarar raƙuma, aka yi ta tsuntsaye, wadda ba a samu komai a cikinta ba sai ɗige-ɗige, aka yi ta jakuna. Ta jakunan ce ta fi ƙona wa Inna rai, don har Mafaza ya hau lori ya je, wai an ba shi labarin wani farin jaki a bakin kogin Rahad. Ya dawo yana nuna mata hoton da alfahari.

"Dubi kunnen nan, ya Usaina. Dubi natsuwa."

"Ashe jakin Mafaza ya riga ni," in ji Inna. "Ba komai. Allah ya nuna mana shekarar kiyashi."

"Kin kawo shawara," in ji shi.

Yanzu bari in zo kan tawa, don har yau in na tuna raina yana ɓaci, kada ku ga ina ba da labarin da dariya. Aurena da Musa ya faɗo a shekarar girgije. Ku kuwa kun san lokacin biki a wurinmu, sai an gama girbi, dawa ta shiga buhu, sama ta bushe ƙarƙaf. Duk unguwar ba mai kamara sai shi. Saura mako guda na je na durƙusa a gabansa.

"Kawu, aurena ne fa. Sau ɗaya ne."

"Mabruk, ɗiyata. Ki ɗaga shi zuwa shekarar amare."

"Yaushe ce shekarar amare?"

"Ban yanke ba tukuna."

Na yi kuka, na yi magiya, na haɗa shi da Inna, a banza. Amma ya yi mini alkawarin zai zo da kamarar, ni kuma na ce a raina in ya gan ni cikin lalle da ado zuciyarsa za ta karye. Ranar da la'asar aka fito da ni tsakar gida, ƙawaye suka jeru, dangin Musa suka jeru, Inna ta kutsa ta tsaya dab da kafaɗata da tob mai ruwan ganye, don ita ma da nata lissafin. Kawu ya tsaya a gabanmu, hannu a baya, yana kallon sama. Fes take, ko ɗigo babu. Muka bushe a tsaye muna murmushi har kumatu suka yi ciwo.

Can sai na ga idonsa ya yi haske. Ya ɗaga kamara. Na gyara tsayuwa, Inna ta ja numfashi ta ƙame. Ashe wani ɗan guntun girgije ne ya ɓullo daga wajen Habasha, bai fi ƙullin auduga ba. Kawu ya bi ta tsakiyarmu da gudu, ya ture tiren shayi, ya haye kan turmi yana ihu, "Ku ba ni hanya, zai watse!"

Hoton bikina ke nan. Farar takarda da ɗan abu a tsakiya, a bayanta ya rubuta da ajami: Ranar auren Rakiya. Da ya kawo mana, Musa ya karɓa da hannu biyu saboda ladabi, ya daɗe yana dubawa.

"Kawu, wanne ne ni?"

"Kai ne duk farin nan. Ita ce 'yar tsakiyar."

Musa ya ji daɗi, ya ce ashe ya fi ni girma. Yana nan rataye a ɗakina har gobe. Baƙi sukan zaci hoton ne ya koɗe, ni kuma na gaji da bayani, sai in ce e, ya koɗe.

Sau ɗaya tak Inna ta kusa cin galaba, a shekarar riɗi. Muna da 'yar gonarmu ta gida a bayan gari. Yankan riɗi kuwa ba ya jira, ka yi jinkirin 'yan kwanaki kwanson ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, sai dai ka yi wa tururuwa sadaka. Don haka kowa na gida yake fita, a yanka, a ɗaure, a jingina dammuna su bushe. Kawu ya zo taya mu, yana yanka yana tsayawa yana ɗaukar dammunan. Muna cikin aiki sai Inna ta ɓace bayan bishiya. Da ta fito, jama'a, ga tob mai ruwan ganye, ga kwalli, ga wani ƙaton damin riɗi a kanta. Ta tako a hankali ta tsaya a gabansa.

"Hassan, mene ne wannan a kaina?"

Ya dube ta. "Riɗi."

"Bana shekarar mece ce?"

"Ta riɗi."

"To, bismilla."

Kai! Muka yar da lauje muka yi ta tafi, wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa. Kawu ya sosa gemu, ya zagaya ta, ya ja da baya, ya matso, kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Daga ƙarshe ya ce, "Kin yi dabara," ya ɗaga kamara, ƙyas!

Sai jira. Kawu ba ya kai fim wanki sai ya cika, ba ya kuma ɓarnar ko ɗaya don ya cika da wuri. Wata biyu Inna na gaya wa duk wadda ta shigo cewa ta karya Hassan. Ranar da ya kawo, mata sun cika rumfa. Ya miƙa mata. Dami ne, ya fito tsaf, kana iya ƙirga kwanson ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasa, a bakin takarda, ga wani ɗan siririn abu mai sheƙi.

"Ina nake?"

"Ga goshinki nan. Ba ya cikin shekara, kyauta na ba ki."

Inna ta tashi tsam. Ta ɗauki hoton ta sa a ƙasan akwati tare da tob ɗin. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Rana na nan."

Shekara goma sha huɗu ana wannan wasa. Sai wata damina, ana tsakiyar ruwa, zazzaɓi ya kayar da Inna. Ba irin wanda muka saba ba, wannan ya ƙi tafiya, ya cinye ta har awarwaro na zamewa daga hannunta. Kawu yana can sansanin gona, hanya ta yanke, lori ba ya shiga ba ya fita. Muka aika da saƙo ta bakin wani mai raƙumi. Kwana uku bayan haka muka ji rugugi a ƙofar gida. Ya taho da tarakta tun daga can, yini da rabi cikin laka, shi da ita ba ka bambance launinsu. Ko Hajj ya ba shi izini ko bai ba shi ba, har yau ban tambaya ba.

Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gadonta. Ina gefe ina mata fifita. Ta buɗe ido ta dube shi.

"Hassan, tawadar Allah da ke fuskar Iya, a dama take ko a hagu?"

"Dama."

"Hagu ce."

"Dama ce, ke! Ni na fi ki ganinta, na riga ki fitowa."

"To hancinta fa? Irin namu ne?"

Ya sosa gemu yana kallon rufin ɗaki.

"Idonta fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na manta, Hassan," in ji ta. "Tun da na kwanta nake nemanta. Ina jin muryarta, ina ganin zanenta, in na ɗaga kai in dubi fuskar sai in ga babu. Na zaci kai ka riƙe mana."

Ya tashi ya fita. Na leƙa na gan shi tsaye jikin tarakta yana goge ido da bakin rawani. Da ya gan ni sai ya ce hayaƙin injin ne. Injin kuwa tun da ya iso a kashe yake.

Na same shi a wurin, raina a ɓace. Shekarar ta rufin ɗakunan ciyawa ce, ga kamara a wuyansa cikin tsumma.

"Kawu, don girman Allah ka shiga ka ɗauke ta. In ta mutu fa?"

"Ba zan ɗauke ta a haka ba. Waccan ta kwance ba Usaina ba ce. Ki bari ta tashi."

"In ba ta tashi ba?"

"Za ta tashi. Ni na fara zuwa, ni zan fara komawa. Layi ne, ba ta isa ta tsallake ni ba."

Na gaya masa maganganun da bai kamata ɗiya ta gaya wa kawunta ba, Allah ya yafe mini. Na tsorata ne ƙwarai, na ga za mu rasa ta mu rasa fuskarta saboda taurin kan mutum ɗaya. Ya saurare ni har na gama, ya ɗaura amalanke a bayan tarakta, muka shimfiɗa mata katifa, ya kai ta asibiti yana tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Allah da ikonsa ta tashi. Amma ni da Kawu sai gaisuwa kawai har ƙarshen rani.

Da ruwan farko ya sake zagayowa, Inna ba ta buɗe akwati ba. Na ce mata, "Inna, yau fa Kawu zai zo." Ta ce, "Ya zo mana. Na haƙura, Rakiya. Ya ɗauki kiyashinsa." Ta ɗaura wani tsohon zane, ɗankwali a karkace, ta zauna gaban murhu tana tuƙa asida, tuwon nan namu, hayaƙi na sa ta hawaye. Ni na dafa masa gahawar, na dire a gabansa ba tare da na dube shi ba. Ya sha uku. Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, bana..."

Ba ta ko waiwayo ba.

"Bana shekarar Usaina ce."

Ta juyo da muciya a hannu, baki buɗe, ido ja. Ƙyas!

"La ilaha illallahu! Hassan! A haka? Shekara goma sha huɗu ina saka tob, sai yau da nake kamar mahaukaciya?"

Ƙyas!

"Tsaya in sa kwalli, ɗan banza!"

Ƙyas!

Ni dai ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, ina dariya ina kuka. Mutumin da ke lallaɓa fim ɗaya wata uku, ranar ya ƙarar da guda kafin azahar.

To, ai kun san sauran. Abin da Inna ta roƙa guda ɗaya ne, aka ba ta har ya ishe ta. Tana tsince dawa, ƙyas. Tana ciniki da mai gawayi, ƙyas. Tana gyangyaɗi bayan azahar, tana yi wa akuya faɗa, tana atishawa. Ta je gaisuwar haihuwa ya bi ta har ƙofar gida ya zauna jira. Wanda ya tsaya kusa da ita kuwa sai a ce masa ya matsa dama kaɗan. Kafin girbi ta fara fita ta ƙofar baya.

"Hassan, don Allah ka koma wa jakunanka!"

"Ma'alesh, yi haƙuri. Shekara ba ta ƙare ba."

Ta ƙirga kwanaki har damina ta dawo. Ranar sanarwa ita da kanta ta cika masa finjali, tana Allah-Allah ya ce raƙuma. Ya sha, ya yi gyaran murya, amma wannan karon bai ja mana rai ba.

"Jama'a, na yanke. Na zagaya tarakta, na zagaya girgije, na je har Mafaza. Abin da zan ƙware a kai Usaina ce. Daga yau ba sauran sanarwa."

Inna ta dafe ƙirji. "Sai da na yi furfura, haƙora biyu suka tafi, sannan ka yanke?"

"Taura biyu..."

"Rufe mini baki! Ko ɗaya ba na iya taunawa yanzu."

Bai fasa zuwa shan gahawar ruwan farko ba, sanarwar ce kawai ya daina. Shekara goma sha biyu ya yi yana ɗaukarta, kuma maganar gaskiya ya ƙware ɗin. Mai studiyo da kansa ya roƙi ya ba shi ɗaya ya sa a taga, Kawu ya ce 'yar'uwarsa ba tallar shago ba ce.

Ranar da Inna ta ce tana nan kuwa ta zo. Wata damina ta ce masa tunda ya ɗauke ta har ba adadi, sai ita ma ta ɗauke shi sau ɗaya, in ba haka ba daga yau da lulluɓi za ta riƙa yawo a tsakar gida. Kawu da ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kan kamarar nan, ya yi ta kame-kame, ya ga ba mafita. Ya nuna mata inda ake leƙawa da inda ake dannawa har sau bakwai. Ya gyara rawani, ya taje gemu da yatsu, ya ƙame.

"Matsa dama kaɗan," in ji Inna. "Ɗaga haɓa."

Ƙyas!

Da aka wanke, sai ga wani baƙin hadari ya cika takarda, ya haɗo ya yi gangami. Can ƙasa, a bakin takardar, ga ƙololuwar rawani.

"Ina nake, ya Usaina?"

"Ga rawaninka nan. Kyauta na ba ka."

Ya daɗe yana kallo, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Wallahi hadarin nan ya fi duk nawa kyau." Bai sake ba kowa kamarar ba.

Ya cika maganarsa ta layi. Ya rasu a ƙarshen rani, shekara huɗu ke nan, saura 'yan kwanaki ruwa ya sauka. Bayan kwana bakwai muka buɗe akwatinsa na ƙarfe muna neman hotonsa da za mu ba dangi. Ga taraktoci, ga jakuna, ga ɗige-ɗigen tsuntsaye, ga Inna damƙi-damƙi an ɗaure da zare, kowanne da shekararsa. Nasa babu, sai ƙololuwar rawanin nan.

Inna har yanzu takan fito da tob mai ruwan ganye washegarin ruwan farko. Ta sa kwalli, ta dafa gahawa, ta zauna a rumfa. Mu ma mu zauna tare da ita. Bana jikata Hawwa, wadda tana goye Kawu ya rasu, ta hau cinyarta tana wasa da bakin tob ɗin, tana kiranta Haboba, wato kaka.

"Haboba, shi Kaka Hassan ɗin da kuke ta faɗa, yaya kamanninsa?"

Inna ta ce in miƙo mata akwatin. Ta yi ta tonawa, ta wuce waɗanda ta yi kyau a ciki, ta wuce na ranar idi, har ta kai ga na farkon nan, mai muciya da jan ido da ɗankwali a karkace.

"Ga shi nan."

"Wannan ai ke ce, Haboba!"

"Rufe ɗankwalin da yatsanki. Yauwa. Yanzu ki sa masa gemun bunsuru." Ta yi dariya, sai muryarta ta karye. "Shi ya ce duk mai son ganina ya dube shi. To, yanzu duk mai son ganinsa ya dube ni."

Allah ya ji ƙan Kawu Hassan, ya yafe masa kurakuransa, har da tiren shayin bikina, ni dai na yafe. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa, ya sada shi da Iya ya dubi fuskarta har ya ƙoshi, ya riƙe wa 'yar'uwarsa ita kafin layi ya zo kanta. Mu kuma Allah ya ƙara mana kwana da Inna, ya sa mu cika da imani. Amin.